Idan Ƙararrawar Tsaron Gida Ta Rasa Wuta: Yadda Ake Bin Sawun Matsalar

Gidaje da yawa a garuruwanmu, har da ofisoshin makarantu da shaguna da ɗakunan ajiya, yanzu suna da ƙararrawar tsaro, wato na'urar nan da ke sa jiniya ta yi kuka idan wani ya ɓalle ƙofa ko ya hauro ta taga. Akan kashe kuɗi mai yawa wajen sa ta. Amma bayan shekara ɗaya ko biyu sai ka fara jin koke-koke. Wani ya ce tasa tana ta ƙara a hankali dare da rana, ta hana yara barci. Wani ya ce duk lokacin da aka ɗauke wuta sai jiniya ta ɓarke da kuka cikin tsakar dare, ta ta da unguwa. Wani kuwa tasa ta yi shiru, bai ma san ranar da ta mutu ba. Ƙarshenta mai gida ya gaji ya zare fulogi, akwatin ya zama ado a jikin bango.

Sau da yawa waɗannan koke-koke uwarsu ɗaya, wato wutar da na'urar ke ci. Kuma abin ba na wasa ba ne, domin ɓarawo yana son duhu, yana kuma iya kashe wutar gida daga waje kafin ya taɓa ƙofa. Ƙararrawar da ke mutuwa da zarar wuta ta ɗauke, mai gadi ne da ke barci a daidai lokacin da aka ɗauke shi aiki dominsa. Nufina a nan shi ne in nuna wa ɗalibai da iyaye yadda ake bin hanyar wutar daki-daki, daga bango har zuwa jiniya, ana aunawa a kowane zango, har a kai ga inda ta tsaya.

Da batir aka fara

A shekarar 1853 ne wani mai wa'azi da ake kira Augustus Russell Pope, wanda ke zaune kusa da birnin Boston a Amurka, ya yi rajistar ƙararrawar kama ɓarawo mai aiki da lantarki. A lokacin ba a kai wuta gidaje ba tukuna, saboda haka batir ne ke riƙe da ita. In an buɗe ƙofa ko taga sai wayoyi biyu su haɗu, wuta ta bi ta cikin maganaɗisu, guduma ta riƙa bugun ƙararrawa. A 1857 wani ɗan kasuwa, Edwin Holmes, ya sayi ikon ƙera ta, daga baya ya kai cinikin birnin New York inda ya bunƙasa. Shekara biyu bayan haka, a 1859, Gaston Planté na Faransa ya ƙirƙiro batirin dalma da ruwan asid wanda ake iya sake yi wa caji. Jikan wannan batir ne ke zaune a cikin akwatin yawancin ƙararrawar da ke gidajenmu, kuma har yau shi ne zuciyarta.

Hanyar da wuta ke bi

Kafin mutum ya gyara abu sai ya san yadda yake idan yana lafiya. Wuta tana bin zango biyar.

Na farko shi ne wutar gida, wadda a Nijeriya ƙarfinta ya kamata ya zama bolt 230. Har yanzu mutane na kiranta wutar NEPA, ko da yake hukumar da aka kafa da wannan suna a 1972 ta koma PHCN a 2005, sannan aka miƙa rarraba wuta ga kamfanoni masu zaman kansu a 2013.

Na biyu shi ne taransifoma ƙarama, wadda ke rage wutar zuwa wajen bolt 16 ko 17. A wasu na'urori tana cikin akwatin, a wasu kuwa wani dunƙule ne mai nauyi da ake soka wa a soket.

Na uku ita ce uwar na'ura, wato allon da ke cikin akwatin ƙarfe ko na roba, wanda akan ɓoye a ɗakin ajiya ko bayan ƙofa. Wutar da ke fitowa daga taransifoma mai kai da komowa ce, wadda ake rubuta wa AC. Uwar na'ura tana miƙar da ita ta zama mai tafiya hanya ɗaya, wadda ake rubuta wa DC, ta tsai da ita a wajen bolt 13.8.

Na huɗu shi ne batir, yawanci mai bolt 12, wanda a jikinsa za ka ga an rubuta 7Ah ko 4Ah. Muddin akwai wuta, uwar na'ura tana ɗura masa caji a hankali. Da wuta ta ɗauke sai ya karɓi aikin nan take.

Na biyar su ne 'ya'yan na'ura: allon lambobi da ke bakin ƙofa, da idanun da ke gane motsin mutum, da jiniya, da ɗan akwatin da ke aika saƙo zuwa wayar mai gida. Dukansu daga uwar na'ura suke shan wuta ta siraran wayoyi.

Kwatanci mafi sauƙi shi ne famfo da randa. Wutar gida ce famfo, batir ne randa. Idan famfo ya ɗauke, daga randa ake sha. Idan randa ta tsage, ko kuwa famfo bai daɗe yana zuwa ba har ta cika, gida zai kwana da ƙishirwa.

Gargaɗi kafin a taɓa komai

Bolt 12 ba ya kisa ta hanyar taɓawa, amma bolt 230 yana kisa. Duk inda wayar wutar gida ta shiga akwati, wannan wuri na ƙwararren mai gyaran wuta ne. Ɗalibi na iya duba fitilu, ya karanta allo, ya yi lissafi, ya riƙe wa babba tocila, amma kada ya sa hannu cikin akwati shi kaɗai. Haka kuma batirin nan ƙarami ne a ido, amma in ƙarfe ya haɗa kawunansa biyu yana iya narkar da waya ya ƙona hannu. Sai a cire zobe da agogon ƙarfe tukuna.

A kuma sani cewa murfin akwatin yana da ɗan maɓalli a ciki wanda ke ta da jiniya idan an buɗe, domin kada ɓarawo ya lalata na'urar a ɓoye. Saboda haka a tanadi lambar sirri a kusa, a gaya wa maƙwabta za a yi gwaji, in kuma akwai kamfanin da ke sa ido kan ƙararrawar a sanar da su. Kayan aiki kaɗan ne: littafin na'urar, da sukundireba, da tocila, da maltimita, wato mitar nan ta hannu mai wayoyi biyu, ja da baƙi, irin wadda muke amfani da ita a ɗakin gwaje-gwaje.

Mataki na ɗaya: ka tambayi na'urar

Ƙarar nan da allon lambobi ke yi a hankali magana ce. Na'urar tana cewa akwai abin da ke damunta. Yawanci akwai koriyar fitila da ke nuna wutar gida tana shiga, da kuma wata rawaya da ke nuna matsala. A kan allon wasu za ka ga haruffan AC idan wutar gida ce babu, ko BAT idan batir ne ya yi rauni. A yawancin na'urorin kamfanin DSC, in ka danna tauraro sannan 2, za ta nuna maka lambar matsalar, ka duba ma'anarta a littafi. Matambayi ba ya ɓata.

Alamu uku ne suka fi yawa, kuma kowace tana nuna wurin da za a fara. Idan akwai wuta a gida amma na'urar na cewa babu, matsalar tana tsakanin bango da uwar na'ura. Idan tana aiki lafiya da wuta amma ta mutu da zarar an ɗauke, batir ne ko hanyar cajinsa. Idan kuwa allon ya yi duhu ɗungum alhali akwai wuta, to ko dai hanyoyin biyu sun yanke, ko wayar da ke kai wa allon wuta ta sami matsala.

Mataki na biyu: soket da taransifoma

A fara da abin da ya fi sauƙi. Shin makunnin soket ɗin a kunne yake? Sau da yawa mai shara ne ya ture fulogi, ko wani yaro ya zare shi domin ya yi cajin waya. A soka fitila ko rediyo a wurin a ga ko za ta kama. In ba ta kama ba, a duba akwatin raba wuta na gidan ko wani maɓalli ya faɗi. A gidajen da ke da janareta akwai wani tarko: wani lokaci layin da ƙararrawa ke kai ba ya cikin layukan da janareta ke ba wuta. Falo yana haske, talabijin yana aiki, ƙararrawa kuwa tana can tana cin batirinta.

In soket lafiya yake, sai taransifoma. Mai aiki takan yi ɗan ɗumi. Wadda ta yi sanyi ƙalau ta mutu, wadda ke ƙona hannu ko tana warin ƙuna tana kan hanya. A juya maltimita zuwa AC, a auna bakin wayoyinta biyu inda suka shiga uwar na'ura. Wadda aka rubuta wa bolt 16.5 takan nuna tsakanin 16 da 19. In ta nuna sifili, taransifoma ce ko fis ɗinta ko wayar da ke tsakani. In ta nuna 12 ko 13, a auna wutar gidan kanta, domin idan wuta ta zo ba ƙarfi, abin da taransifoma ke fitarwa ma yakan ragu daidai gwargwado. Fitilun ɗaki za su ci, amma batir ba zai sami caji ba.

Ga wani abin lura ga masu sayen kayan gwanjo ko waɗanda 'yan'uwa ke aiko wa kaya daga waje. Wutar Amurka bolt 120 ce. Taransifomar da aka yi domin can, in aka soka ta a tamu mai 230, ƙonewa za ta yi, wani lokaci har ta tafi da uwar na'ura. A karanta rubutun da ke jikinta kafin a soka. Idan kuma za a sayi sabuwa, a nemi mai lambobi iri ɗaya da waɗanda littafin na'urar ya faɗa.

Mataki na uku: batir

A juya maltimita zuwa DC. Gwaji uku ake yi, kuma kowanne yana amsa tambaya dabam.

Gwaji na farko: shin uwar na'ura tana ba da caji? Da wutar gida a kunne, a zare wayoyin nan biyu daga kan batir, a auna su. Ya kamata a ga tsakanin 13.5 da 13.8. In babu komai, a duba fis ɗin batir da ke kan allon. In fis lafiya yake amma babu wuta, sashen cajin ne ya lalace, kuma sabon batir ba zai yi magani ba, shi ma mutuwa zai yi cikin 'yan kwanaki.

Gwaji na biyu: me ke cikin batirin? A bar shi a zare na ɗan lokaci, sannan a auna. Batir mai bolt 12 ɗakuna shida ne a ciki, kowanne yana ba da kamar 2.1, saboda haka cikakke yakan nuna 12.6 zuwa 12.9. In ya nuna 12.0 ya sha sosai. In ya nuna wajen 10.5 bayan ya kwana a kan caji, alama ce ɗaki ɗaya ya mutu.

Gwaji na uku shi ne mai raba gardama. Tsohon batir yana iya nuna 12.7 idan ba ya ɗauke da komai, kamar jakin da ke tsaye gadau kafin a ɗora masa kaya. A nemi ƙwan sigina na mota mai wat 21, a haɗa shi da batirin, ana aunawa. Wannan ƙwai yana jan kusan amfiya 1.75. Lafiyayyen batir zai riƙe wajen bolt 12 na mintoci ba tare da ƙwan ya dushe ba. Wanda ya gaji zai gangaro ƙasa da 11 kafin minti ɗaya ko biyu. Ido ma yana taimako: batirin da ya kumbura, ko ya tsage, ko farin gari ya taru a kawunansa, ya gama aikinsa.

A nan ne amsar jiniyar da ke kuka idan an ɗauke wuta take. Jiniyar waje a yawancin na'urori tana da nata ɗan batir a ciki, kuma an yi ta ne ta yi kuka da kanta idan wutar da ke zuwa mata daga uwar na'ura ta yanke, domin tana ɗauka ɓarawo ne ya datse waya. To idan babban batir ya mutu, aka kuma ɗauke wuta, uwar na'ura sai ta suma, jiniya ta ɗauka an yanke ta, ta fara kuka. Ko ka danna lambar sirri ba za ta ji ba, domin allon ma ba shi da wuta. Laifin yana cikin akwatin ɗaki, jiniya aikinta take yi.

Lissafin randa

Me ya sa batirin da aka ce yana kai shekara 3 zuwa 5 yakan mutu mana cikin shekara ɗaya? Ɗaliban da suka iya ninkawa da rabawa za su gane dalili.

Rubutun 7Ah yana nufin batirin na iya ba da ƙaramar wuta wadda in ka ninka amfiyarta da awowin da ta yi za ka sami 7. Bari mu ɗauki misalin gida mai uwar na'ura da ke jan amfiya 0.10, da allon lambobi mai jan 0.10, da idanu huɗu kowanne 0.02. Jimla 0.28 ke nan. In ka raba 7 da 0.28 za ka sami awa 25. Wannan a takarda ne, da sabon batir cikakke. A aikace sai a ce awa 20.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. Uwar na'ura ba ta ɗura caji da sauri. A na'urori da yawa bai wuce amfiya 0.4 ba. A ce unguwa tana samun wuta awa 4 a rana, babu ita awa 20. A cikin awa 20 na'urar ta sha 0.28 sau 20, wato 5.6, saura 1.4. A cikin awa 4 na wuta an mayar da 0.4 sau 4, wato 1.6. Rana ta biyu batir ya fara da 3.0 kaɗai, wanda ba zai kai awa 11 ba. Daga rana ta uku abin da ke shiga kullum 1.6 ne, wanda ba zai kai awa 6 ba. Sauran awowin dare ƙararrawa a mace take. Wanda ya ci gaba da lissafin zai ga cewa sai an sami wuta kusan awa 10 a rana kafin abin da ke shiga ya yi daidai da abin da ke fita, kuma a aikace ya fi haka, domin ba duk cajin da aka ɗura ke zama ba.

Waɗanda suka ƙera na'urorin nan sun yi su ne domin ƙasashen da wuta kan ɗauke jefi-jefi. Ƙa'idar Turai ta irin ƙararrawar gidaje tana neman batir ya riƙe awa 12, da zaton wuta za ta dawo ta daɗe. Mu kuwa kullum muna kwashe randa har gindi. Batirin dalma ba ya son haka. Idan ya zauna babu caji, wani farin gishiri yakan daskare a jikin faranta na dalmar da ke ciki, ya ƙi narkewa, wurin ajiyar caji ya riƙa raguwa har ya ƙare.

Abokin gaba na biyu shi ne zafi. Shekarun da ake rubuta wa batir an auna su ne a kan zafin digiri 20 zuwa 25. Duk ƙarin digiri 10 a kan haka yana rage kusan rabin kwanansa. A Sakkwato da Maiduguri zafin watan Afrilu yakan haura digiri 40. Akwatin da aka kafa kusa da kwanon rufi, ko a bangon da rana ke duka, yana dafa batirinsa a hankali. Ɗaki mai inuwa da iska ya fi.

Maganin wannan ba sayen batir kowane wata shida ba ne. A ƙara wa famfo lokacin zuwa. A gidan da ke da inbata ko sola, a sa mai gyaran wuta ya mai da ƙararrawa kan wannan layin. Abin da take ci kaɗan ne, bai wuce na ƙwan fitila ɗaya ba. A gidan da ke da janareta a tabbata tana kan layinsa. Wasu sukan jona batirin mota, amma wannan ba dabara ba ce: cajin uwar na'ura ba zai cika shi ba, kuma irin wanda ake zuba wa ruwa yana fitar da iska mai kama wuta a cikin ɗaki. Littafin na'ura yakan faɗi batir mafi girma da za ta iya ɗauka, kada a wuce shi.

Mataki na huɗu: fis da wayoyi

Idan taransifoma da batir duk lafiya suke, amma allon lambobi ko idanu ba su da wuta, a auna bakin da ke ba su wuta a kan uwar na'ura. Ya kamata ya nuna tsakanin 12 da 13.8. In babu, fis ɗinsa ya ƙone. Tsofaffin na'urori suna da fis na gilashi wanda ake sauyawa, sababbi kuwa da yawa suna da irin wanda ke yankewa ya dawo da kansa idan an kawar da matsalar.

Fis ba ya ƙonewa banza. Akwai inda wayoyi biyu suka haɗu. Ɓera yakan ci rigar waya a cikin silin, gara takan bi ta, ruwan damina yakan shiga akwatin jiniyar waje, kafinta ma yakan buga ƙusa a kanta. Hanyar ganowa ita ce a zare duk wayoyin 'ya'yan na'ura daga wannan baki, a sa sabon fis, sannan a riƙa mai da su ɗaya bayan ɗaya. Wadda wuta ta faɗi da aka jona ta, ita ce mai laifi, sai a bi ta. Kada a taɓa sa fis mafi girma, balle a naɗa waya ko takardar sigari a madadinsa. Fis mai gadin allon ne. In ka kore shi, allon ne zai ƙone a madadinsa.

Akwai kuma matsalar nisa, kuma a nan dokar Georg Ohm ta 1827 da muke koya a aji za ta yi mana aiki: bolt daidai yake da amfiya sau om. Siririyar wayar ƙararrawa ta jan ƙarfe tana da turjiyar kusan om 8 a kowace mita 100. A ce jiniya tana bakin get, mita 50 daga ɗaki. Wuta za ta je ta dawo, mita 100 ke nan, om 8. In jiniyar na jan amfiya 0.4, to 0.4 sau 8, bolt 3.2 sun zube a hanya. Da wutar gida, 13.8 ta koma 10.6, jiniya ta yi kuka. Da batirin da ke kan 12.2, abin da ya isa can 9 ne, sai ka ji murya kamar ta mai mura. Maganinsa a haɗa zare biyu-biyu na wayar, ko a sa mai kauri. A kuma kula da wayar araha wadda cikinta alminiyam ne aka shafa wa jan ƙarfe a sama, domin turjiyarta ta fi haka. Araha ba ta ado.

Mataki na biyar: ƙananan batura da hanyar saƙo

Ƙararrawar zamani da yawa ba su da wayoyi zuwa ƙofofi da tagogi. Kowane ido yana da nasa ƙaramin batir, sau da yawa irin wanda aka rubuta wa CR123A mai bolt 3, kuma yakan yi shekaru kafin ya ƙare. Idan allo ya nuna raunin batir tare da lambar wani ɗaki, ƙaramin batirin wannan ɗakin ake nufi. In ɗaya ya ƙare, sauran da aka sa rana ɗaya da shi suna bisa hanya, gara a sauya su tare.

Haka nan idan na'urar na aika saƙo ta intanet, a tuna cewa akwatin intanet na gida ma wuta yake ci. Ƙararrawa na iya kasancewa a raye da batirinta, ta ga ɓarawo, amma ta rasa hanyar gaya wa mai gida da ke wurin aiki. Ko dai a ba akwatin intanet ɗin wutar ajiya, ko a nemi na'ura mai layin waya a cikinta, a kuma riƙa duba kada kuɗin layin ya ƙare.

Tsawa da dawowar wuta

Wutar da ke dawowa da ƙarfi bayan an ɗauke, da ƙaramin janareta mai hawa da sauka, da tsawar damina, duk suna iya ƙona taransifoma ko allon uwar na'ura. Tsawa ba sai ta faɗa kan gida take ɓarna ba, tana iya biyo wayoyin unguwa. Sitabilaiza tana maganin wuta mai rauni ko mai yawa, amma ba ta da saurin tare bugun tsawa. Wannan aikin wata na'ura ce dabam mai shanye bugun wuta, wadda mai gyara kan sa a akwatin raba wuta, kuma ita ma ba ta aiki sai wayar ƙasa ta gidan tana da kyau. Bayan kowace babbar tsawa a leƙa allon lambobi a ga ko koriyar fitila na nan.

Sauya batir da zubar da tsoho

In za a sayi sabo, a je da maltimita kasuwa. Batirin dalma yana zubar da caji ko yana ajiye a kanta, saboda haka wanda ya daɗe a shago yana iya zama tsoho a cikin sabon kwali. A auna shi, in bai kai 12.5 ba a nemi wani. A kuma ɗaga shi a ji nauyi. Na gaske mai 7Ah yakan kai kilo 2 ko fiye da haka kaɗan, wanda ya yi shafal an rage masa dalma. Wajen jonawa, jar waya kan jan kai, baƙa kan baƙi. A rubuta kwanan wata a jikinsa. Gargaɗin da ke kan allo yana iya ɗaukar awowi kafin ya ɓace, sai batirin ya cika. In na'urar ta mutu gaba ɗaya kafin a sauya, a gyara mata agogo da kwanan wata.

Tsohon batir kuwa kada a jefa shi bola, kada a bar yara su fasa shi. Dalma guba ce mai lalata ƙwaƙwalwar yara. A unguwar Thiaroye da ke gefen birnin Dakar na Sanagal, yara 18 sun mutu tsakanin 2007 da 2008 saboda ƙurar dalma daga tsofaffin baturan da ake fasawa a cikin unguwa. A mai da shi ga mai sayar da batir ba tare da an fasa ba.

Gwajin da ya kamata ya zama al'ada

Ba a fafe gora ranar tafiya. Sau ɗaya a wata a kashe wutar ƙararrawa daga soket na rabin awa, a ga ko allon zai ci gaba da haske, a sa jiniya ta yi kuka na 'yan daƙiƙu da batir kaɗai, sannan a mai da wutar. Kowane wata shida a yi gwajin ƙwan mota. A manna takarda a cikin murfin akwati, a riƙa rubuta kwanan wata da abin da mita ta nuna. Wanda ke da wannan takarda zai ga batirinsa na gangarowa tun watanni kafin ya faɗi, kuma in ya kira mai gyara zai gaya masa lambobi, ba za a sayar masa da sabon allo alhali fis ne ya ƙone ba.

Ku ɗalibai da za ku tafi hutu, ga aikin gida wanda ba za a ba shi maki ba. In akwai irin wannan na'ura a gidanku ko a shagon wani ɗan'uwa, ku nemi littafinta, ku tara amfiyar da kowane sashe ke ja, ku ƙirga awowin da unguwarku ke samun wuta cikin mako guda, ku yi lissafin randa. Sannan ku kai wa Baba ko Mama amsar, ku gaya musu ƙarfe nawa na dare ƙararrawar gidan ke yin barci.